Gambar da Inna Ta Aiko

A gidanmu gamba iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya sani, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, malamai kuma su feƙe karanta su yi alƙalami. Akwai kuma tawa, wani littafi mai shuɗin bango da na bari a saman kabad ɗin ɗakina a Kano ranar da zan taho Dubai, saboda jakata ta ƙi rufuwa. Na cire shi na cusa takalmi a gurbinsa. Takalmin ma bai yi mini shekara ba ya yage.

Littafin na kiɗa ne. Sonata ne a cikinsa, wato dogayen kaɗe-kaɗe marasa waƙa, waɗanda wani Bature ya rubuta shekaru ɗaruruwa da suka wuce domin wani gogensu mai tsirkiya shida da ake matsewa tsakanin ƙafafu. Sunan gogen biyola da gamba, kuma gamba a bakin mutanen Italiya ƙafa ke nan. Ni ban taɓa riƙe irinsa ba. Abin da nake gogawa ɗan'uwansa ne, celo, mai tsirkiya huɗu, wanda in ka tsayar da shi zai kawo maka ƙirji. Wani tsohon Bature da ya koyar da ni a jami'a shi ya bar mini celon da littafin lokacin da zai koma ƙasarsu. Tun daga lokacin ban taɓa kiran littafin da wani suna ba sai gamba. Wa ya taɓa mini gamba, ina aka kai mini gamba, haka kowa a gida ya saba ji.

Ba irin littafin da ake samu ko'ina ba ne, bugu ne na masana. Wani bawan Allah ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin tsofaffin takardu yana gwada wannan da wancan, har ya fitar da abin da mai kiɗan ya rubuta da hannunsa, ya ware shi daga abin da masu kwafa suka ƙara. Abin da shi masanin ya ƙara da kansa sai ya sa shi da ƙananan baƙaƙe, don kada a ɗora wa mamaci maganar da bai yi ba. A ƙarshen littafin akwai shafuka cike da gardama a kan ɗigo guda, ko tawadar marubucin ce ko kashin ƙuda. Ina son wannan gardamar har cikin raina. Kuma littafin kashi uku ne a bango ɗaya: na mai gamba, na mai celo wanda aka rage wa abin da tsirkiya huɗu ba za ta ɗauka ba, da babban, na mai fiyanon da zai raka ka.

Babana ɗan sanda ne, mai busa a cikin 'yan badujala, shi ya koya mini karanta baƙaƙen kiɗa tun ina ƙarami. Inna kuwa 'yar malamai ce gaba da baya. Ta haƙura da busar Baba don aikin gwamnati ne, da kaki da fansho. Nawa babu kaki, saboda haka a wurinta roƙo ne kawai da aka sa wa takalmi. Ba ta taɓa cewa celo ba, sai dai gogen nan. Saboda ita na koyi maƙala wa jakin celon, katakon da tsirkiya ke hawa, maƙalan shanya don muryarsa ta shaƙe, in rufe ƙofa, in yi ta goga a hankali kamar mai satar nama a tukunya.

Sannan ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye in akwai wani kusa da za a bi ta kansa. Bayan Baba ya rasu na taho Dubai, sai ƙanwata Auta ta zama wayar da ke tsakaninmu. Zan aika saƙon murya, Auta ta kunna mata, sai in ji muryar Inna daga nesa tana cewa, "Ki ce masa an gode." Shekaru ina can ban leƙo gida ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ce a tambaye ni yaushe zan zo ba. Sai dai ta ce a faɗa mini rufin ɗakina yana yoyo, ko a faɗa mini ƙofar zaure ta ƙi kulluwa. Ni kuma, da yake kaina na jaki ne, sai in ce a kira kafinta.

A Dubai akawu nake a wani ofishin kago, masu jigilar kaya, a Deira. Celon yana tare da ni a Muraqqabat, a wani fulat da muke cunkushe a ciki, gado kan gado. Yana tsaye a lungu cikin akwatinsa, abokan kwana suna rataye masa tawul. Da rana in sun watse, ranar da nake hutu, sai in fito da shi in maƙala masa maƙalan shanya, kamar dai a gida. Na ƙetare teku da abin nan, amma har lokacin bai taɓa buɗe murya ba.

Sai aka rufe ofishinmu. Aka soke mini biza, aka ba ni 'yan makonnin da ake ba mutum ya sami wani aikin ko ya tattara. A lokacin kuwa ɗan ƙasarmu in ya fita, to ya fita ke nan, ba a maganar dawowa. Na zaga ofisoshin kago har masu gadi suka fara gaishe ni da hannu tun daga nesa, alamar kada in wahalar da kaina. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. In na ji an ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka ni aka zo kamawa, alhali ko kwana ɗaya ban wuce ƙa'ida ba tukuna. Tsoro nake ji, tsoron in sauka a Kano da jaka ɗaya da goge, in tabbatar wa kowa abin da suka daɗe suna faɗi a bayana.

Ana cikin haka na ga wata makarantar kiɗa ta yara tana neman malamin celo, kuma za su yi wa mutum biza. Na karanta sanarwar har wayata ta yi zafi. A duniyar nan kaf, aiki ɗaya ne aka taɓa yanka daidai wuyana, ga shi kuma ya zo a makon da nake nutsewa.

Shugabar makarantar wata Baturiya ce siririya mai furfura, mai magana a hankali kamar tana auna gishiri. Ta dube ni, ta dubi takarduna na akawu, ta ce za ta saurare ni. Sharaɗinta shi ne in kawo sonata ta tsohon zamani, in yi ɓangare mai sanyi da ɓangare mai gudu, kuma in zo da bugu na masana, na asali, tare da kashin mai fiyano. Ba ta karɓar fotokwafi, ba ta karɓar abin da aka sauke daga waya. Ta ce daga littafin da malami ya riƙo take gane irin malamin da zai zama. Na ce mata ina da shi. Ban yi ƙarya ba, ina da shi, a saman kabad a wata nahiyar.

Na fara da kantuna. Na shiga na manyan kasuwannin nan masu sanyi, inda gita ke rataye kamar kilishi, littattafan kuma duk na yara ne masu hoton agwagwa. Wani saurayi mai fara'a ya duba kwamfuta ya ce za a iya yin oda daga Turai, zai iso wata mai zuwa in Allah ya so. Wata mai zuwa ni ina gidan ubana. Na hau abra, ɗan kwalekwalen fitonsu, na ƙetara Bur Dubai, don an ce akwai wani tsohon Ba'indiye mai kayan kiɗa a bayan kasuwar yadi. Na same shi a cikin gangunansa, ya saurare ni da kyau, ya girgiza kai, ya ba ni ruwa. A kan abra da zan dawo na zauna ina kallon ruwan nan, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, wani ɗan Pakistan da ke gefena ya kawar da kai don kada ya kunyata ni.

Sai na tuna da Alhaji. Ɗan kasuwa ne Bakano mai zama a Abu Hail, yana da takardar zama, yana kai da kawowa kamar mai zuwa Wudil. Rabin kuka da daddawar da ake ci a Deira a jakarsa suke zuwa. Na kira shi, ya ce yana Kano, zai taso ƙarshen mako, a kai masa saƙon gida. Nan take na yi wa Auta saƙon murya. Na ce mata aiki ya samu amma sai da gamba, a taimake ni a ba Alhaji gamba, rayuwata a kanta take. Ban ce littafi ba. Me zai sa in ce littafi? A gidan nan ko kaza ta san gambata.

Ranar da Alhaji ya sauka, shi ya riga ni kira.

"Habibi, yalla, zo ka kwashi kayanka. Wallahi kun so ku sa a ɗaure ni a airport. Wannan wane irin saƙo ne?"

Na ɗauka zolaya ce irin tasa. Na tafi Abu Hail da rana tsaka, ko lif ban jira ba. Na same shi zaune a tsakiyar katan-katan yana cin dabino. Ya nuna mini wani ƙunshi da ƙafa. Tun daga ƙofa na ga dogo ne siriri, an naɗe shi da tsohon zani an ɗaure da tsumma. Littafi ba ya yin wannan siffar. Duk da haka na durƙusa na kwance, don zuciya ba ta yarda da ido a irin wannan lokaci.

Gamba ce. Damin karan gamba, busasshe, mai ƙanshin bayan gari. An feƙe wasu an yi alƙaluma, ga 'yar kwalbar tawada an toshe bakinta da leda, ga ƙullin ƙaro. Fiƙar duk ta karkace, wani bakin ya yi faɗi, wani ya tsage, ɗaya kuma da wani busasshen tabo mai duhu a jikinsa. Na lura da wannan, na kuma yi mamaki, don Inna ce ke feƙe wa ɗaliban mahaifinta alƙalami tun tana yarinya, fiƙarta kamar allura take. Amma ban tsaya a kai ba. Kaina ya riga ya ɗauki wuta.

"Ashe malanta ka koma ba mu sani ba," in ji Alhaji yana dariya. "Khalas, ka huta da neman salary. Ka buɗe ofis a nan, ni ne customer na farko. Container tawa ta maƙale, a rubuta mini na sha."

Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Lafiya? Ba shi ba ne?"

Na naɗe ƙunshin na fita. Na sauko titi da damin ciyawa a hammata, na buɗe waya, sai ga saƙo daga gida. Muryar Inna ce, daga nesa kamar kullum, amma da wani haske da ban taɓa ji a cikinta ba. "Ki ce masa ga gamba nan. Ki ce ya rubuta ya sha, Allah zai buɗa masa. Ki ce na ji daɗi da ya tuna hanya."

Na kira Auta, na yi mata ihu a bakin titi har wani mai shago ya leƙo. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yaya, ni na kunna mata saƙon na tafi asibiti wurin aiki. Ta ce in bar shi ita za ta haɗa. Da na dawo har an kai wa Alhaji." Na ce ta hau kujera yanzu-yanzu ta ɗauko littafin, ko ta jirgi ne a aiko da wani. Na ji ƙarar kujera. Ta ce babu komai a saman kabad sai ƙura, da shacin inda ya zauna. Na ce to an ba mai ƙosai ke nan ta naɗe wa yara. Na faɗi maganganu a kan jahilci da ƙauyanci waɗanda ba zan maimaita su a nan ba, na kashe wayar.

Kwanakin da suka rage ba su da yawa. A intanet na sami hoton tsohon rubutun hannu na sonatar da na fi sani, kyauta, don mai ita ya daɗe da zama ƙasa. Layi biyu ne kawai: na gamba a sama, a wani tsarin baƙaƙen da ba na karantawa da sauri, na rakiya a ƙasa, da 'yan lambobi a ƙarƙashinsa. Mutanen da can lambobin nan sun ishe su, mai rakiya yana gani ya san abin da hannun damansa zai yi. A shuɗin littafina masanin ya riga ya fassara su ya rubuta komai dalla-dalla. In na buga hoton nan a takarda, fotokwafi ne. Amma matar ba ta ce kada a kawo rubutun hannu ba. Da wannan 'yar ƙofar na rataye rayuwata.

Na sayo takarda mai layi biyar-biyar. Biro ya ƙi yi, kan baƙin kiɗan ba ya cika, sai ka yi ta zagaye kamar mai tuƙa tuwo. Ina cikin tsaki idona ya faɗa kan damin da na jefar a ƙarƙashin gado. Na zaro alƙalami ɗaya na gyara masa baki da reza, na tsoma a tawadar Inna. Abin haushi, ya yi. Dangwalawa ɗaya kan baƙi ya fito ɓul-ɓul, ka juya shi ya ja siririn layi, sak irin na hoton. Ashe da irin wannan aka rubuta abin tun farko. Na zauna a ƙasa na ɗora katako a cinya kamar mai allo, na yi ta rubutu, ina mayar da layin gamba zuwa na celo. Inda aka haɗa sauti shida sai in rufe ido in nemo abin da masanin ya zubar da abin da ya bari. Wani wurin na tuna, wani wurin na yi ƙarya. Abokan kwana suna wucewa suna cewa Allah gafarta malam, wani ɗan Damagaram kuma ya tsuguna da gaske ya ce in taimaka masa da na farin jini. Ban ko ɗaga kai ba. Bayana ya ƙage, yatsuna suka yi baƙi, amma da na gama na jera shafukan a kan gado na ga sun yi kyau, har na ji wani ɗan sanyi a ƙirji.

Ranar gwaji da safe na sa takardun a aljihun bayan akwatin celo, na goya shi. Lokacin zafi ne, irin zafin Dubai mai ruwa-ruwa wanda kana fita gilashin ido ke rufewa. Daga tashar jirgin metiro zuwa makarantar akwai 'yar tafiya, ban kuma hau tasi ba. Kafin in isa rigata ta manne da bayana, akwatin ma ya jiƙe.

Ɗakin gwajin sanyi ƙalau. Shugabar tana zaune da wani mutum mai rubutu, ga wata budurwa a gaban fiyano. Na miƙa takardun. Shugabar ta ɗaga na saman ta dube shi da kyau, ta ce hannuna yana da kyau ƙwarai, amma ba abin da ta ce in kawo ba ke nan. Na fara ba ta labarin Kano da kabad da Alhaji, na ji da kunnena yadda labarin ke fita kamar na mashayi, na katse shi. Ta ce tunda na zo, bismilla. Mai fiyano ta karɓi nata ta duba, ta ce ina na hannun dama? Na nuna mata lambobin. Ta ce an koya musu a makaranta amma ta manta, za ta bi da hannun hagu kawai.

Na cire maƙalan shanya na sa a aljihu. Muka fara ɓangare mai sanyi. Ban taɓa jin muryar celona a fili haka ba, har ta ba ni tsoro, kamar ka ji yaron da ka raina ya yi magana da muryar manya. Rakiyar ta yi fayau, sauti ɗaya-ɗaya, amma muka tafi. Na ga shugabar ta ajiye bironta. Wallahi a wannan ɗan lokacin na ga bizata, na ga ɗakina ni kaɗai, na ga yara suna ce mini malam.

Sai muka zo ɓangare mai gudu. Budurwar ta kai hannu za ta buɗe shafi, shafi ya ƙi buɗuwa. Ta sa farce ta ɓamɓare, sai ga baƙaƙen wannan shafin sun koma kan wancan, na wancan sun dawo kan wannan, sauran kuma sun narke sun zama gajimare. Na duba nawa, haka. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, kuma an yi ta ne don a wanke a sha. Na san wannan tun ina ɗan shekara biyar. Gumin bayana ya wanke sonatar tas, saura in sha kawai.

Na ce zan yi da ka, ni kaɗai. Na fara da kyau. Amma wannan ɓangaren zance ne tsakanin mutum biyu, ka faɗa a amsa maka, ka kora a koro ka. Na kai inda fiyano zai amsa, na ji shiru, sai kaina ya yi fari fat. Na koma baya na sake tahowa, na sake faɗawa rami ɗaya. Na ɗauke izgar gogen daga kan tsirkiya. Na ajiye ta na roƙi matar nan. Ni da ko a gida ba a san ni da ba da haƙuri ba, na ce ta ba ni mako biyu, na ce ta ba ni aron littafi daga kabad ɗinsu in yi wata sonatar, na ce mata in na fita daga ƙasar nan ba zan dawo ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ta ji ɓangaren farko, kuma ba za ta manta da shi ba, amma akwai masu jira. Da na fito na ga mai jiran, wani saurayi da celo a gefensa da littafi a cinya, mai shuɗin bango, irin nawa sak.

Ba su kira ba. Alhaji ya karɓi celon ya ce zai sa shi a kwantena tsakanin katifu, ya rantse ba abin da zai same shi, bai kuma yi zolaya ko ɗaya ba ranar. Na bar Dubai ana saura kaɗan wa'adina ya cika.

Auta ce ta tare ni. A mota take faɗa mini abin da aka hana ta faɗa: idon Inna ya kusa tafiya gaba ɗaya, an daɗe ana fama, kuma bikin ita Autar da aka yi ta ɗagawa ba don kayan ɗaki ba ne, don babu wanda za a bar wa Inna ne. Na shiga gida na ga tsohuwa tana bin bango da hannu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa Auta. A babban yatsanta na hagu akwai sabon tabon yanka.

Duk da haka ban huce ba, kada in yi ƙarya. Na shige ɗakina mai yoyo na yi kwanaki ba na fita sai masallaci. Ina jin tausayinta, ina kuma jin haushin cewa kuskuren tsohuwa mai ciwon ido ya cinye mini rayuwa, ga shi babu wanda zan kama.

Wata rana da la'asar Auta tana wurin aiki, na ji muryar Inna daga ɗakinta.

"Wai babu kowa a gidan nan ne?"

Na je na tsaya a bakin ƙofa. Tana zaune a kan tabarma, fuskarta na kallon bango.

"A sauko mini da kwallar can ta sama."

Na sauko da ita. Ta ce a buɗe. A ciki akwai wani abu naɗe da zaninta na Makka. Tun kafin in warware hannuna ya gane nauyinsa. Kashi ukun duk suna nan, ko kunne ɗaya bai lanƙwashe ba.

"A ba mai shi," in ji ta.

Na riƙe littafin da hannu biyu. Na ce, "Inna, kin san wannan nake nufi?"

"Shekara nawa ana gamba, gamba a ɗakin can. Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

"To me ya sa? Inna, aikin nan shi ne kaɗai..."

"Da an aika," ta ce wa bangon, "wa zai dawo?"

Na zauna a ƙasa da littafin a cinya. Na so in yi ihu irin wanda na yi a Abu Hail, na so in ce mata da baki ake kiran mutum ba da ciyawa ba, in ce kalma ɗaya ta isa, zo. Amma na san ba za ta iya faɗinta ba ko za ta mutu, kuma na san sau nawa aka ce mini rufi yana yoyo. Ta miƙo hannu tana laluben murfin kwallar, hannun ya sauka a kan wuyan hannuna. Ta gane ba murfi ba ne. Ba ta ɗauke ba.

Can ta ce, "In gogen nan ya iso, a daina sa masa abin shanya. Gidan ya yi shiru da yawa."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba, don har lokacin ƙirjina yana tafasa, kuma har yau da nake rubuta wannan bai gama hucewa ba. Na mayar da murfin kwallar da hannu ɗaya, na tambaye ta ko an ɗiga mata maganin la'asar.